Yadda Ake Adana Insulin da Auna Suga a Wagini Ba Tare da Dogaro da Wutar Lantarki Ba

A takardar da ke cikin kowane kwalin insulin an rubuta cewa a ajiye shi a firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos. A Wagini da ke ƙaramar hukumar Batsari, da ƙauyukan da suka yi iyaka da Safana, zafin rana a watannin Maris, Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, wutar lantarki kuwa ba abin da mutum zai jingina ransa da ita ba ce. Ga kuma hanya. Babban asibiti yana Batsari, likitocin da suka ƙware a ciwon suga sai an dangana da Katsina, kuma a wannan yanki na bakin dajin Rugu ba kowace rana ake iya tashi a kama hanya ba.

Mai ciwon suga nau'i na ɗaya, wanda yawanci tun yana yaro ko matashi ciwon ke bayyana, jikinsa ya daina samar da insulin. Babu ƙwayar magani ko jiƙon da zai maye gurbinsa. Idan ya rasa allurar, kwana ɗaya ko biyu sun isa su kai shi gadon asibiti. Kafin 1922, shekarar da aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson allurar a Toronto ta ƙasar Kanada, wannan ciwo kisa yake yi. Akwai kuma masu nau'i na biyu da ƙwayoyi suka daina riƙe su, likita ya mayar da su kan allura. Dukkansu kayan aiki uku suke rayuwa da su: abin da zai sanyaya maganin, sirinjin da ya dace da shi, da na'urar gwaji.

Abin da zafi ke yi wa insulin

Insulin furotin ne, kamar farin ƙwai, don haka zafi yana rage masa ƙarfi sannu a hankali. Matsalar ita ce sau da yawa ido ba ya ganin lalacewar. Ruwan yana nan yadda yake, mutum yana yin allurarsa a kan lokaci, amma lambar da ke fitowa a na'ura sai hawa take yi.

Ƙa'idar kamfanoni iri biyu ce. Kwalbar da ba a buɗe ba tana zama a firji har ranar da aka rubuta a jikinta. Wadda aka fara amfani da ita tana iya zama a ɗaki kimanin makonni huɗu, muddin zafin bai wuce digiri 25 ko 30 ba, gwargwadon abin da takardar wannan nau'in ta ce.

Bincike biyu sun sauƙaƙa wa mazauna ƙasashe masu zafi. A 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva sun wallafa sakamakon wani gwaji: sun auna zafin da ake yi a sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a arewacin Kenya, suka ga yana kai-komo tsakanin digiri 25 da dare zuwa 37 da rana, sai suka sa insulin a irin wannan yanayi na tsawon makonni huɗu. Ƙarfinsa bai bambanta da na wanda ke firji ba. A 2023 kuma cibiyar Cochrane ta tattara bayanai, har da na kamfanonin da ke sarrafa maganin, ta ce insulin irin wanda aka fi sani a asibitocinmu na Afirka, idan ba a buɗe shi ba, yana iya kai wata shida a zafin da bai wuce digiri 25 ba, ko wata biyu a wanda bai wuce 37 ba, ba tare da ya yi raunin da zai cutar ba.

Wannan albishir ne, amma a lura da lambar: 37. Ɗaki mai rufin kwano a Wagini da azahar ɗin watan Afrilu yana wuce nan. Kuma abin da ya taimaki insulin a gwajin Dagahaley shi ne zafin yana sauka da dare. Saboda haka aikin da ke gaban iyali ba samar da sanyin firji ba ne, rage digiri biyar zuwa goma ne a sa'o'in da rana ta fi ƙuna.

Tukunya cikin tukunya

Duk gidan da ke da randa ya san ruwanta ya fi na bokitin roba sanyi. Dalili shi ne yumɓun da ba a shafe shi da fenti ba yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu, kuma duk ruwan da ya bi iska yana tafiya da zafi. Marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a jihar Jigawa wanda ya fito daga gidan magina tukwane, ya gina dabararsa a kan wannan: ƙaramar tukunya a cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu. Ya yi ta ne don masu tumatir da alayyafo, ta kuma ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ita ce dai ke yi wa insulin aiki.

Ana samun tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, ɗaya ta shige cikin ɗaya har a sami tazarar kamar yatsu biyu ko uku. A zuba yashi a gindin babbar, a ɗora ƙaramar yadda bakunansu za su daidaita, a cika gefe da yashi, sannan a zuba ruwa har yashin ya sha sosai. A rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma mai kauri. Wurin ajiya shi ne inuwa mai iska, a ɗan ɗaga ta a kan duwatsu uku don iska ta ratsa ƙarƙashinta. Lungun ɗakin da iska ba ta shiga yana kashe aikin tukunyar, domin ruwan ba zai sami inda zai tafi ba. Ana ƙara ruwa safe da yamma, a tsakiyar bazara har da rana.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jefa kwalbar insulin kai tsaye cikin ruwan randa. Takardar jikinta tana saɓulewa, sunan maganin da ranar ƙarewarsa su tafi, ga datti da ke taruwa a robar bakin da allura ke hudawa. A sa kwalbar a ƙaramar roba mai murfi, sannan a sa robar a cikin busasshiyar tukunyar ciki.

An gwada irin waɗannan dabaru a Khartoum ta Sudan, aka wallafa sakamakon a 2016. An jera tukwanen ƙasa daga ƙasashe daban-daban, da salkar fatar akuya, da jakar Frio da ake jiƙawa da ruwa, kuma dukkansu sun rage zafi, wasu da digiri kusan uku, waɗanda suka fi ƙwazo da kusan takwas. Salka tana cikin na gaba-gaba, abin da ba zai ba makiyayi mamaki ba. Dabarar ta fi ƙarfi idan iska a bushe take, wato daidai da hunturu da bazarar Katsina. A watan Agusta, da iska ke cike da laima, ƙarfinta yana raguwa, sai dai a lokacin garin ma ya yi sauƙi.

Na'urar da ta cancanci a saya a nan ƙarama ce: ma'aunin zafi na dijital mai siririyar waya, irin wanda ke riƙe lamba mafi sama da mafi ƙasa da ya gani. A zura kan wayar cikin tukunya kusa da maganin, a duba da la'asar. Idan yana nuna ƙasa da 30, tukunya tana aikinta. Idan yana haurawa, a sauya mata wuri ko a ƙara ruwa.

Wanda ke da firji mai aiki da sola ya huta, amma shi ma da nasa haɗarin. Daskarewa ta fi zafi saurin kashe insulin, kuma wanda ya taɓa daskarewa ya tashi daga aiki ko da ya narke. Kada a sa shi a gidan ƙanƙara ko a jingina shi da bangon baya. Haka mai ɗauko magani daga Katsina a cikin kula: a naɗe kwalin da tsumma kada ya taɓa ƙanƙarar. Aljihun gaban mota, ƙarƙashin kujerar babur da bakin taga duk wuraren da ke dafa magani ne.

Sai lissafin kwalba, wanda mutane da yawa ba sa yi. Kwalba mai mililita 10 ta nau'in U-100 tana ɗauke da yunit 1,000. Yaron da ke amfani da yunit 20 a rana zai yi kwana 50 kafin ya ƙarar da ita, alhali a kwana 28 yunit 560 kawai ya sha, saura 440. Da tsadar da magani ya yi, iyalai kaɗan ne za su iya zubar da wannan saura. Abin da ya fi shi ne a tambayi likita ko za a iya komawa ƙananan kwalaben alƙalamin allura, masu yunit 300, waɗanda za su ƙare cikin kwana 15. In ba hali, a rubuta ranar buɗewa a jikin kwalin, a ƙara yawan gwaji bayan mako na huɗu. Lambar da ke hawa kwana biyu ko uku a jere, ba sauyin abinci ba rashin lafiya, alama ce kwalbar ta gaji. Wanda ido ke iya gani kuwa: insulin mai garai-garai kamar Actrapid ko Lantus da ya yi duhu-duhu, ko mai kalar madara kamar Insulatard da Mixtard da ya yi gudaji ko ya manne a jikin kwalba bayan an mirgina shi a tafin hannu. Waɗannan ba a amfani da su.

Sirinjin 40 da na 100

A kasuwa ana iya cin karo da insulin mai ƙarfi iri biyu. U-100 yana da yunit 100 a kowace mililita, U-40 yana da yunit 40. Kowanne da sirinjinsa: na 100 yawanci murfinsa ruwan lemo ne, na 40 ja. Idan sirinjin gida ya ƙare aka aiki yaro kemis ya ce a ba shi "allurar insulin", ana iya miƙo masa kowanne.

Ga abin da ke faruwa. Likita ya rubuta yunit 10. An ja insulin U-100 a sirinjin U-40 har zuwa layin 10. Abin da ya shiga jiki yunit 25 ne, ninki biyu da rabi, kuma wannan ya isa ya sumar da yaro cikin dare. In aka juya, aka ja U-40 a sirinjin U-100, yunit 4 kawai aka samu maimakon 10, suga ya yi ta hawa ana zargin magani. Maganin wannan shi ne duba lamba biyu kafin a bar kanti, ta jikin kwalba da ta jikin sirinji, su zama ɗaya. Launin murfi taimako ne kawai, lambar ita ce hujja. Sirinjin allurar zazzaɓi mai mililita 2 ko 5 kuwa sam ba na insulin ba ne.

Alƙalamin allura ya kawar da wannan ruɗani, tunda murɗawa ake yi a ga lamba. Sai dai ko mai alƙalami ya kamata ya iya jan magani daga kwalba. A 2024 kamfanin Novo Nordisk ya bayyana cewa zai riƙa janye alƙaluman tsofaffin nau'o'in insulin ɗinsa ya bar su a kwalba, kuma ko ba wannan ba, alƙalami yana karyewa.

Kamfanoni sun ce sirinji sau ɗaya ake amfani da shi. A zahiri mutane suna maimaita nasu saboda kuɗi. Mai yin haka ya mayar da murfi nan take, ya jefar da shi da zarar tsinin ya dakushe ko ya taɓa wani abu, kuma kada mutum biyu su taɓa haɗa allura ko da 'yan ɗaki ɗaya ne, saboda ciwon hanta da ƙanjamau. A riƙa sauya wurin huda tsakanin ciki, cinya da damtse. Wurin da aka dame shi da allura yakan yi tudu mai tauri, ba ya zafi idan an huda, shi ya sa yara ke son sa, amma magani ba ya shiga jini daidai daga nan.

Na'urar gwaji

Accu-Chek, OneTouch, On Call Plus, Fine Test: duk aiki ɗaya suke yi, kuma kuɗin na'urar ba shi ne abin dubawa ba. Tsinken gwaji shi ne ake saye kullum, kuma na wannan kamfani ba ya shiga na'urar wancan. Kafin a sayi na'ura a fara tambayar wane tsinke ake samu a Batsari ko Katsina ba yankewa. Na'urar da ɗan'uwa ya kawo tsaraba daga Saudiyya, in ba a sayar da tsinkenta a nan, ta zama kayan ado.

Ita ma tana iya zuwa da wani ma'auni. Wasu na'urori suna nuna mg/dL, wasu mmol/L, kuma bambancinsu ninki 18 ne: 7 a na biyu daidai yake da 126 a na farko. Mutumin da ya saba ganin 120 ya ga 6.5 zai iya firgita ya ɗura sukari, alhali lafiyarsa ƙalau. A ma'aunin mg/dL, abin da akasari ake nema ga babba shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 sa'o'i biyu bayansa, sai dai likita na iya ba mutum nasa adadin. Idan fuskar na'ura ta nuna LO ko HI, ba lalacewa ta yi ba, suga ne ya fita daga iyakar da take iya aunawa, kuma duka biyun gaggawa ne.

Abubuwa ƙanana ke sa ta yi ƙarya. Yatsan da ya taɓa mangwaro, rake, dabino ko fura yana ba da lamba mai yawa, don haka a wanke hannu da sabulu a busar. Tsinke yana lalacewa da zafi da laima, a rufe robarsa da zarar an zaro ɗaya, kuma kada a sa shi a tukunyar insulin. Ƙarancin jini, irin wanda ke biyo bayan zazzaɓin cizon sauro, yana iya sa wasu na'urori su nuna sama da gaskiya. Yawancinsu da ƙaramin batir mai faɗin kwabo, CR2032, suke aiki, a ajiye ɗaya a gefe.

Idan tsinke ya yi ƙaranci, a kashe shi inda ya fi amfani: da asuba kafin allura, kafin kwanciya, da duk lokacin da jiki ya ba da wata alama.

Ƙasa da 70, sama da 250

Insulin mai gauraye irin Mixtard, da zarar ya shiga jiki, zai yi aikinsa ko an ci abinci ko ba a ci ba. Manomin da ya yi allura da safe, ya sha koko, ya tafi gona ya kama huɗa har rana ta take ba tare da ya sa komai a ciki ba, shi ne wanda suga ke faɗo wa. Aikin ƙarfi yana cinye suga, zafi kuma yana sa magani saurin shiga jini. Alamomin su ne rawar jiki, zufa, yunwa mai tsanani, bugun zuciya, sannan ruɗewa da magana marar kan gado. A nan ne wasu ke cewa iska ce ta taɓa shi, a tsaya neman mai ruƙiyya alhali ƙwayar sukari uku ce maganin.

Ƙasa da 70, a sha giram 15 na sukari: ƙwaya uku na sukarin kwali, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko kamar rabin kwalbar lemo mai sukari. A jira minti 15 a sake gwadawa, in bai hau ba a maimaita, in ya hau a bi da abinci mai riƙe ciki. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, domin yana iya shiga huhu. A kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti mafi kusa, a gaya musu yana kan insulin.

Ɗaya ɓangaren shi ne ranar rashin lafiya. Zazzaɓi ya kama yaro, ba ya cin abinci, sai iyaye su ce tunda bai ci ba a dakatar da allura. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kai yara asibiti a galabaice, domin zazzaɓi ƙara buƙatar insulin yake yi. Ba a tsayar da shi gaba ɗaya. A yawaita gwaji, a yawaita ruwa, a nemi ma'aikacin lafiya kan adadin da za a yi. Idan lamba ta kai wajen 250 ta ƙi sauka, akwai tsinken fitsari da ke nuna sinadarin kiton ta hanyar sauya launi, ba ya buƙatar batir ko na'ura. Amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, da barcin da ba na ƙa'ida ba, suna nufin a kama hanya nan take, ba sai gari ya waye ba in da hali.

Azumi kuwa magana ce da ake yi da likita tun kafin watan ya kama, domin ana sa masu nau'i na ɗaya cikin waɗanda azumi ke da haɗari gare su. Ga wanda aka amince ya yi, ƙa'idar likitoci ita ce ya karya idan lamba ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300.

Sensa, agogo da waya

FreeStyle Libre na kamfanin Abbott ɗan faifai ne da ake mannawa a bayan damtse, yana aiki kwana 14, ana karanta shi da na'urarsa ko da wayar da ke da NFC. Amfaninsa babba ne, musamman wajen ganin abin da ke faruwa cikin dare. Amma ruwan da ke ƙarƙashin fata yake aunawa, ba jini ba, don haka yana bin baya da 'yan mintuna, zufa tana iya ɓamɓare shi, kuma kuɗinsa duk mako biyu ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Ko mai shi yana buƙatar na'urar huda yatsa a gefe.

Agogunan hannu da zobban da ake tallatawa a Facebook da TikTok cewa suna auna suga ba tare da huda fata ba, a bar su inda aka gan su. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su yi amfani da su, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Wanda ya auna insulin ɗinsa da lambar irin wannan agogo caca yake yi da ransa.

Ƙaramar waya mai maɓalli ta isa ta yi babban aiki: ƙararrawar lokacin allura, tocila don karanta layin sirinji da asuba, da lambar ma'aikacin lafiya. Mai babbar waya ya ɗauki hoton kwalin maganinsa da takardar likita. Sai dai kada waya ta zama ita kaɗai ce ma'ajiya. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Batsari da Safana, aka shafe watanni ba kira ba intanet. Littafin rubutu na 'yan makaranta, mai layi huɗu na kwanan wata, lokaci, lambar suga da yunit ɗin da aka yi, shi ne abin da likita a Katsina zai buɗe ya gyara adadin magani da shi.

Saboda wannan yanayi ne kuma ya kamata a sake sayen magani tun saura na mako biyu, ba ranar da kwalba ta ƙare ba. A tanadi ƙaramar jaka da kowa a gidan ya san inda take rataye: sirinji, na'ura da tsinkenta, batir, ƙwayoyin sukari, littafin, da takarda mai sunan insulin da adadinsa. Idan dare ya zo da tashin da ba a shirya ba, abin da ya rage shi ne a buɗe tukunya, a ɗauki robar maganin, a naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma a jefa a jakar.